Hawajan Kada a Mashayarmu

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Rusairis, ni ne tamargi a ƙauyenmu, wato mai kula da ɗan ɗakin shan magani na gwamnati. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, da kabad wanda rabin shekara ba ka samun komai a cikinsa sai aidin da auduga. Mutane na kirana hakim, wato likita, alhali 'yan watanni kawai na yi ina koyon aikin a asibitin Madani. Ƙauyen namu na Hausawa ne masunta da manoman fadama, a gaɓar kogin Bahar Azrak, tafiyar hantsi a kan jaki daga Rusairis. Hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu daga ƙasar Sakkwato, suka tsaya hutawa, ba su sake tashi ba.

Mashaya ɗaya gare mu. Wani lungu ne inda gaɓa ta lanƙwasa, ruwa ya kwanta, akwai faffaɗan dutse da mata ke ɗora tuluna da garewani. Da rani, idan kogi ya ja baya, ruwan wurin ba ya gudu sosai, amma garau yake, har kana ganin yashin ƙasa.

Cikin irin wannan rani ne wata lori ta shigo gari ɗauke da kwalekwale mai inji, da buhunan gishiri, da ganguna, da wani ƙaton Bature yana zaune kusa da direba. Jajir yake, rana ta ƙone masa wuya har yana ɓarewa, ga wata malafa mai faɗi, kuma da ya sauko muka ga yana ɗingishi. Mun saba da Ingilishi tun zamanin mulkinsu, don haka shehun gari, wato mai garinmu, ya gaishe shi a matsayin Ingilishi. Sai mutumin ya tofar da yawu gab da takalmin shehu, ya ce shi ba Ingilishi ba ne, daga Ostareliya yake, ƙasar da in ka shiga jirgin ruwa sai ka yi wata ba ka ga tudu ba. Larabci yake ji, irin na barikin soja a Masar, rabinsa zagi. Ya nuna takardar izini mai hatimi, ya ce fatar kada ya zo saye da harbi. Kafin la'asar gari duka na kiransa hawajan kada, wato Baturen kada. Shi kuwa ya ce a riƙa ce masa na'ib, domin ya taɓa zama ɗan majalisa a ƙasarsu.

Ya kafa tantinsa a kan tudu, a inuwar wata tsamiya. Wurin fiɗa kuma ya zaɓi gaɓar da ke sama da mashayarmu kaɗan, don nan ne kwalekwale ke iya tsayawa ba tare da ya kafe ba. Ya ɗauki masuntanmu aiki, su nuna masa kwarmin da kadoji ke kwana, su jawo, su feɗe. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya zama shugaban masu fiɗa, domin hannunsa ya iya wuƙa.

Da fari kowa murna yake. Kada ya sha cin awakinmu, ya sha yaga komar masunta, kuma kowa ya san wadda aka ja ƙarƙashin ruwa tana wanki ba a sake ganinta ba. Ranar da aka jawo na farko, har guɗa aka yi.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, fatar ciki kaɗai yake so. A kifar da dabbar, a zare fatar, a cuɗe ta da gishiri, a naɗe, a jefa a ganga. Sauran, kai da wutsiya da hanji da tulin naman, sai a bar shi nan. Akwai tsofaffi biyu uku a cikinmu masu cin wutsiyar kada, amma wa zai cinye abin da ake zubarwa kullum safiya? Kwana uku cikin zafin rani gawar farko ta kumbura ta fashe. Ta biyu ta hau kanta. Kafin mako biyu gaɓar ta zama juji. Ungulaye suka cika wurin har ba sa iya tashi don ƙoshi, tafiya suke da ƙafa kamar kaji. Tsutsotsi na zuba daga haƙarƙari suna gangarawa cikin ruwa, wani kitse mai launin kore ya kwanta a kan mashaya, mace sai ta kaɗa shi gefe da ƙwarya kafin ta ɗiba. Ɗoyin kuwa ya shiga komai. Yana cikin tuwo, yana cikin shayi, yana jikin tabarmar masallaci. In ka yi sujada sai ka ji shi.

Ni abin da ya haɗa ni da mutumin ƙafarsa ce. Kwana kaɗan da zuwansa ya aiko direbansa a kira hakim. Na same shi kwance a kan gadon zane, ya naɗe wando zuwa gwiwa. A ƙwaurinsa na hagu akwai gyambo mai faɗin tafin hannu, gefensa ya yi fari ya yi tauri, tsakiya na tsattsafar da mugunya, an ɗaure shi da wani tsumma da ba zan iya cewa ga launinsa na asali ba. Na sha ganin gyambo, aikina ne. Amma ban taɓa ganin mai hali, mai akwati cike da magani a ƙarƙashin gado, ya bar ƙafarsa haka ba.

Na ce, "Tun yaushe, ya hawaja?"

Ya ce, "Tun kana tsotson nono. Kyautar yaƙi ce."

Daga ranar nake zuwa bayan la'asar, kwana ɗaya ina tsallake ɗaya. In wanke da ruwan gishiri, in yanke mataccen nama, in sa magani, in ɗaure, in yi masa allura. Shi kuma ya yi ta magana, kofin giya a hannu, domin ba shi da wanda zai yi wa ita sai ni. Ruwan da nake wanke ƙafar da shi daga gangarsa nake ɗiba. Lori ce ke kawo masa ruwa daga famfon Rusairis duk bayan kwana uku. Ko sau ɗaya bai sa na mashayarmu a baki ba.

A haka na san tarihinsa. Ɗan mahauci ne a wani ƙaramin gari. Yana saurayi aka fara babban yaƙi, ya shiga soja, aka kwaso su a jirgin ruwa zuwa Masar, daga nan sai hamadar Libiya. Can aka kewaye su wata da watanni suna cikin ramuka. Ya ce wata safiya yana cikin rami da abokinsa, yaron unguwarsu, suna raba gwangwanin nama ɗaya, sai bam ya faɗo. Da ƙura ta lafa ya ga ƙafarsa a buɗe, abokin kuma yana zaune yadda yake, cokali a hannu, amma babu rabin fuskarsa. Da ya kawo nan sai ya yi shiru, ya juya kofin a hannunsa sau biyu, ya ce, "Cokalin bai ma faɗi ba." Hawaye ya gangaro masa. Wallahi na tausaya masa a ranar. Na sassauta hannuna a kan ciwon, na koma gida na kasa cin tuwo.

Bayan yaƙi ya koma gida ya sayi lori ɗaya, ta zama biyar, yana dakon tumaki da ulu. Sai ɗan majalisar yankinsu ya mutu ana tsakiyar zango, aka ce za a yi zaɓen cike gurbi. Wasu manya suka zo suka ce masa tsohon soja mai rauni suke nema. Ya tsaya, ya ci. Wata biyar ya yi a kujerar aka sake babban zaɓe, ya faɗi. Na tambaye shi me ya yi wa mutanensa a wata biyar ɗin. Ya yi dariya har ƙafar ta motsa a hannuna, ya ce sau ɗaya ya tashi ya yi magana, a kan harajin tayar lori. Bayan haka kasuwancin ya rushe, matar ta kwashe 'ya'ya ta tafi, shi kuma ya bi fata ƙasa ƙasa har ya iso wurinmu. Duk da haka yana da kati da aka buga da muƙamin a jiki, yana miƙa wa kowa, har wanda bai iya karatu ba.

Cikin mako na uku gudawa ta shigo gari. Ba zan rantse cewa ruwan ne kaɗai ba, don kowace shekara mukan yi fama da ita, amma da damina take zuwa, ba da rani ba, kuma ba haka ba. Rumfata ta cika da mata riƙe da yara waɗanda idanunsu suka faɗa. Jarirai biyu suka rasu a mako ɗaya. 'Yar yayana mai shekara uku ita ma ta kwanta.

Na je masa da maganar ina ɗaure ƙafa. Na ce ya mayar da fiɗa ƙasa da gari, ko ya sa a riƙa binne gawarwakin.

Ya ce, "Ƙasa da gari akwai duwatsu, injina zai karye. Binnewa kuma, wa zai haƙa? Mutanen da za su haƙa su ne masu fiɗa."

Na ce, "Yara na mutuwa."

Ya ce, "Yara na mutuwa ko'ina, ya hakim. Ku tafasa ruwa." Sai ya miƙa hannu ƙarƙashin gado ya jawo kwali, cike da kwalaben allurar fenisilin da bandeji sabo fil, abin da ban taɓa gani da yawa haka ba tun da na bar Madani. Ya ce, "Ga wannan, na ɗakin maganinka."

Na san fenisilin ba ya maganin gudawa. Na kuma san abin da kwalin yake nufi. Na ɗauka. Na saɓa shi a kafaɗa na bi ta gefen jujin nan, na toshe hanci da rawani, ina ce wa kaina masu ciwon haƙarƙari za su amfana.

Mata ne suka matsa wa shehun gari, har ya ce za a zauna ranar Juma'a bayan salla. Da hawaja ya ji, maimakon ya ji tsoro sai ya washe baki. Ya ce wa shehu a ƙasarsu ba a yanke magana da hayaniya, hannu ake ɗagawa a ƙidaya, kuma duk abin da masu rinjaye suka ce shi zai bi. Shehu ya ga abin ya yi kama da wayewa, ya yarda.

Ranar Alhamis mutumin nan ya sa farar riga, ya aske gemu, ya bi gari gida gida da ɗingishinsa. Direba na biye da shi da buhu. Kowane maigida curin sukari guda, irin mai tsinin nan da ake naɗewa a shuɗiyar takarda, da ƙunshin ganyen shayi. Ya san sunan kowa, ni ban san yaushe ya haddace ba. Ya tsuguna a ƙofar ɗaya daga gidajen da aka yi rashin jariri, ya cire malafa, ya yi ta'aziyya da kalmomin da muke yi, bai kuskure ko ɗaya ba. Ya bar curi biyu a nan.

Juma'a bayan an sallame muka zauna a gindin gawon da ke gaban masallaci, maza zalla. Shehu ya ce in fara. Na tashi na yi maganar ruwa da tsutsa da gudawa, amma muryata ba ta da ƙarfi, don ina ganin idon hawaja a kaina, kuma kwalin na cikin kabad ɗina. Wani dattijo mai gidan da ya fi kusa da mashaya ya yi magana fiye da ni, ya ce ko akuya ta daina shan ruwan.

Sai hawaja ya tashi. Bai ce uffan a kan ruwa ba. Ya tambayi tsofaffi ko sun tuna lokacin da Italiyawa suka shigo Kurmuk, jiragensu na yawo a kanmu. Suka ce sun tuna. Ya ce to, shi yana cikin waɗanda suka tare su a hamada don kada su ci ƙasar nan. Ya ɗora ƙafa a kan turmi, ya naɗe wando, ya warware bandejin da na ɗaura.

Kwana ɗaya kafin nan na ga ciwon da idona. Ya tsuke, ya yi ɓawo, sabon nama ya taso ja mai kyau, har na ce masa in ya bar giya ya huta, wata guda zai rufe. Abin da ya buɗe a gaban jama'a ɗanye ne, a buɗe, jini da ruwa na bin ƙwauri. Ƙudaje suka sauka a kai nan take, bai kore su ba. Mutane suka yi salati.

Daga nan ya ba su labarin ramin. Gwangwanin nama, abokin unguwa, bam, rabin fuska. Da ya kawo wurin da ya yi mini shiru, ya yi shiru daidai tsawon wancan. Babu kofi a hannunsa, sai ya juya malafa sau biyu. Ya ce, "Cokalin bai ma faɗi ba." Hawaye ya gangaro, ta ido ɗaya da wancan karon. Na tofar da yawu a bayan wani.

Ya rufe da cewa shi baƙo ne, gurgu, ya zo ya raba mu da dabbar da ke cin 'ya'yanmu, in mun ce ya tafi zai tafi. Sannan ya ce hakim ne mai ilimi a nan, shi ya kamata ya ƙidaya hannu. Shehu ya ce duk mai son hawaja ya ci gaba da aikinsa inda yake ya ɗaga hannu. Haka na tsaya a gaban 'yan uwana ina nuna su da yatsa ɗaya ɗaya. Ba sai na faɗi adadi ba. Waɗanda ba su ɗaga ba ba su cika tabarma ɗaya ba. Uban jaririn nan, wanda aka bar wa curi biyu, ya ɗaga, kansa a sunkuye. Yayana ya ɗaga tun kafin a gama tambaya, 'yarsa na kwance a gida ko zama ba ta iyawa.

Washegari na je ɗaurin ƙafa, don ranar ce. Na duba bakin ciwon na ga sawun kaifi, a miƙe, ba irin na ƙaiƙayi ko tuntuɓe ba.

Na ce, "Wuƙa ka sa."

Ya ce, "Ɗan kaɗan. Zai warke, ai kana nan." Ya nuna mini wuƙar a kan akwati, irin ta fiɗa ce, ɗaya daga waɗanda ya raba wa su yayana. "A ƙasarmu ma haka na yi kafin kowane taro. Wa zai zaɓi mutum don tabo? Tabo kowa na da shi."

Na ce, "Abokin naka fa? Shi ma ƙarya ne?"

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Gaskiya ne. Duka gaskiya ne." Ya kurɓi giya. "Shi ya sa yake aiki."

Na ɗaure ƙafar. Da na fito na wanke hannuna da yashi har fata ta yi zafi.

Innarmu a lokacin ta haura sittin, amma ita ke ɗebo ruwanta da kanta. Da yayana ya shigo gaishe ta da yammacin ranar, ina nan zaune, ya ajiye mata curin sukarinsa. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta ce, "Ku kunka ɗaga hannu, amma mu ka ɗibar ruwan. Wa yat tambaye mu?"

Yaya ya ce, "Inna, aiki na. Mutum ya kawo muna aiki."

Ta ce, "Ɗiyarka na can kamar tsumma, kai kana ce mini aiki." Ta juyo kaina. "Kai kuma hakim, an ce kai ka ƙidaya. Ka ƙidaya da kyau?"

Na ce, "Inna, shehu ya sa ni."

Ta ce, "Tashi ku ba ni wuri, dukanku wari kuke."

Ranar Lahadi da hantsi, ina rumfa ina ba wani yaro ruwan gishiri da sukari, sai na ji gari ya yi tsit. Na leƙa. Mata ne a jere, sun fito daga mashaya suna hawa tudu, kowacce da garwa ko ƙwarya ko tsohon kwando a ka, sun ɗaure hanci da gefen mayafi. Ba ruwa suka ɗauko ba. Hanji ne da ruɓaɓɓen nama da tsutsa, yana ɗiga a kafaɗunsu. Wasu 'yan mata huɗu na jan kan kada da igiya. Inna ce a gaba. Ba waƙa, ba guɗa.

Na bi su a baya. Hawaja na zaune a ƙofar tanti yana karin kumallo, ƙwai da burodi. Inna ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta buɗe murfin gangar ruwansa ta juye garwarta a ciki. Ta biyu ta juye a ɗaya gangar. Sauran suka shiga tantin, kan gado, cikin akwatin tufafi, kan farar rigar Alhamis da ke rataye. Wata ta ajiye ƙwaryarta a kan teburin, dab da farantinsa, a hankali, yadda ake ajiye wa baƙo abinci. Ya miƙe yana zagi da Larabci da harshensu, ya ɗauki bindiga, ya rasa wadda zai nuna wa, don duk sun juya baya suna komawa ɗebo wani. Sai amai ya ƙwace masa, ya durƙusa a kan ƙafar mai ciwo yana kelaya ƙwan da ya ci. Masu fiɗa na tsaye daga nesa, wuƙaƙe a hannu, kowa na ganin matarsa ko uwarsa a cikin jerin, ba wanda ya motsa.

Sahu uku suka yi. A na ƙarshe Inna ba ta hau tudu ba. Ta shiga gari ta juye garwarta a ƙofar zauren yayana, ta rage kaɗan ta kawo rumfar ɗakin magani ta zuba a bakin ƙofa, a gabana. Da hannuna na kwashe.

Hawaja ya hau lori ya tafi Rusairis kai ƙara. Washegari ya dawo da wani hafsan 'yan sanda, saurayi ɗan arewacin ƙasar mai guga a wando. Hafsan ya ce a kai shi ya ga inda aka ɗebo abin. Bai kai mashaya ba ya tsaya, ya sa hankici a hanci, ya tambayi shehu, "Nan kuke sha?" Shehu ya ce nan ne. Hafsan ya juya ga hawaja ya ce takardarsa ta harbi ce, ba ta zubar da mushe a ruwan mutane ba, ya kwashe ya koma ƙasa da gari kafin kwana biyu. Hawaja ya ce ai jama'a sun kaɗa ƙuri'a, ya miƙa masa katin nan. Hafsan ya karanta gaba da baya ya mayar masa.

Mu aka bari da jujin. Kwana huɗu maza suna haƙa rami suna jan gawarwaki da jakuna, waɗanda suka ɗaga hannu da waɗanda ba su ɗaga ba. Naman na zamewa daga ƙashi in ka ja, igiya ta dawo da ƙafa ɗaya. Ni da yayana muka riƙe igiya ɗaya yini guda ba mu ce wa juna kanzil ba. 'Yarsa ta tashi, Allah ya yi da sauran kwana. Shi kuwa bai taka gidan Inna ba sai da babbar salla, kuma da ya je ɗin ma sai da ta bar shi tsugune har ƙafarsa ta yi sanyi kafin ta amsa gaisuwa.

Hawaja ya yi 'yan makonni a ƙasa da gari. Injin ya karye a kan duwatsu kamar yadda ya ce, kadoji kuma sun riga sun yi ƙaranci. Kafin ruwan farko ya naɗe tanti. Ranar tafiya ya tsaya da lori a ƙofar ɗakin magani ya shigo da kansa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi baƙi baƙi, warin ya bambanta da na da. Na wanke na ɗaure, da bandejin kwalinsa, na ce masa ya wuce asibitin Madani kai tsaye, kada ya tsaya ko'ina. Ya ce matan garinmu da a ƙasarsu suke da sun ci zaɓe. Ya miƙo hannu mu yi musafaha, na nuna masa hannuwana da jini, na ce ba su da tsabta.

Bayan shekara biyu aka mayar da ni Wad Haddad, cikin masu noman auduga. Can na zauna har na yi ritaya. Wata ranar kasuwa, na fi shekara goma da barin gida, wani mai furfura ya kama hannuna a rumfar mai shayi, ya ce ko na gane shi. Direban ne. Ya ce hawaja bai je asibiti a lokacin ba, sai da ya zaga Sinja neman fata, da ya je ɗin aka yanke ƙafar daga cinya. Bai koma ƙasarsu ba. Ya zauna wajen Kamlin yana sayar da injinan ban ruwa tsofaffi da aka shafa wa sabon fenti, har manoma suka gane shi suka daina saye. A wani ɗakin haya ya mutu, sai da maƙwabta suka ji wari aka ɓalle ƙofa. Direban ne ya kai gawar maƙabartar Kirista ta Madani a bayan lori, tsakanin buhunan albasa, don lodin da yake da shi ke nan a ranar.

Na ce, "Danginsa fa?"

Ya ce an aika takarda, ba a sami amsa ba. Mai ɗakin ya kwashe abin da ya samu, shi kuma aka ba shi takalmin mamacin, na fata mai kyau, ko tsagewa bai yi ba.

"Amma ƙafa ɗaya ne," in ji shi. "Yana nan ƙarƙashin kujerar lori. Ko ka san wani mai ƙafar dama a cikin majinyatanka?"

Na ce ban sani ba. Na bar shayin a kofi na koma bakin aiki.